Zuwa kufan Santolo: ta ina ake farawa?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke son zuwa ganin kufan Santolo a ƙasar Dawakin Kudu, amma ana ta ce mana matattarar iskoki ce. Manya, wane lokaci ya fi dacewa, kuma me za mu riƙe?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Tsoron yana da tushe. Santolo cibiyar masu tsafi ce da ta daɗe tana gagarar sarakunan Kano, sai a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) aka ci ta da yaƙi, bayan Wangarawa, malaman Musulunci daga ƙasar Mali, sun zo sun taya shi da addu'a. Kada ku sa ran ganin soro a tsaye. Ginin ƙasa in ya sha damina sama da 600, tudu yake komawa. A irin wannan kufai abin dubawa shi ne dogon tudun da ya miƙe a jere, wato ragowar ganuwa, sai tsingaro a bakin zaizaya, da dutsen niƙa wanda cikinsa ya lotsa. Ku ɗauki hoto, amma don Allah ku bar komai a gurbinsa.

Ɗan Farauta:
Samari, kafin komai ku faɗi gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, ya haɗa ku da ɗan gari. Baƙi biyar suna zagaya gonakin mutane ba sallama, a wannan zamani, za a ɗauke ku wasu ne daban. Ku ware wa ɗan rakiya na goro.

Ku je bayan kaka, Disamba ko Janairu. An cire amfanin gona, ciyawa ta bushe, kana ganin inda za ka taka. Da damina dutse santsi yake, ciyawa kuma tana rufe tsohuwar rijiya da ramin karofi. Ku fara da hantsi, ku sauko kafin azahar. Kowa ya riƙe ruwa lita 2, sanda, takalmi rufaffe da dogon wando.

Abin da na fi jiye muku shi ne ƙudan zuma. Suna zama a kogon kuka da tsagar dutse, kuma ƙamshi da hayaniya suna tayar da su, saboda haka kada wanda ya fesa turare. Kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse, makwancin kububuwa da kunama ke nan. Kukan da ake ji da almuru, galibi mujiya ce ko iska tana ratsa kogo.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙari a kan maganar Baba. In maciji ya yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗora wa ƙafar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai babban asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, wani sai bayan awanni dasashinsa ya fara zubar da jini, shi ya sa ba a cewa "ai ya ji sauƙi" a koma gida. Ku bar mota ko babur kusa, da mai a ciki.

Malamin Tarihi:
Kuma in kun isa ku karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", addu'ar da aka koyar ga wanda ya sauka a wani wuri. In ɗan rakiya ya ce ba a raɓar wata tsamiya, ku bi maganarsa ba gardama.