Kayan sanyi na tafiya Istanbul a ƙarshen Fabrairu: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman Alhazan Damagaram masu zuwa sari Turkiyya. Kwana 10 ne, kuma jaka ɗaya nake so ta ɗauke komai.

Sanyin can ba irin hunturunmu busasshe ba ne. Ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri 3 da 9, ga yayyafi, ga iska daga teku. Abin da na tsara: rigar ciki mai kama jiki guda 3, ba ta auduga ba, don auduga tana riƙe gumi sai ta sanyaya jiki; suwaitar ulu 2, safar ulu ƙafa 5, hular sanyi da safar hannu.

Inda na kakare shi ne rigar sama. Mai cushe da gashin tsuntsu, irin ta 'yan gwanjon Kasuwar Dole ta Damagaram, tana da ɗumi, amma da ta jiƙe ta mutu, kuma ba ta bushewa da wuri. Ta roba tana tare ruwa, sai dai gumi ya taru a ciki. Lema kuwa iska ce ke juya ta. A haɗa rigunan biyu, ko akwai guda mai yin aikin duka?

Sai takalmi: wanne ne ruwa ba ya shiga, kuma yake da saurin cirewa a ƙofar masallaci?