Me Za A Ɗora Da Dare? Shawarwarin Uwaye Mata

Mata da dama sun tattauna kan abincin dare mai sauƙi, kuma mafi yawansu sun yarda cewa jajjage ne rabin aiki. A jajjaga tattasai da attaruhu da albasa da yawa, a soya har ruwan ya ƙone mai ya taso sama. Da shi a ajiye, dafa-dukan taliya ko na shinkafa ba ya ɗaukar lokaci. Inda babu wutar firji, a riƙa ɗumama shi safe da yamma.

Kan garau-garau aka fi jan magana. Wasu sun ce a jefa 'yar kanwa wake ya nuna da wuri, wasu suka ce kanwa na rina shinkafar ta yi ja, in ta yi yawa kuma ta ɓata ciki. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a jiƙa waken tun azahar, a fara dafa shi kafin a zuba shinkafa. Sai mai da yaji da yankakken tumatir.

An yabi ɗan wake ma: a kwaɓa garin da kuka da ruwan kanwa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa, in ya taso a ɗan bar shi ya ƙara nuna, sannan a tsame a ruwan sanyi.

Gidan da maigida ba ya kwana sai da tuwo kuwa, miyar kuka ce mafita. A barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji.