Waks, seramik ko leda, wanne ya fi kare fentin mota?

BaƙarMota:
Salam 'yan uwa dan Allah ina neman shawara. Motata baƙa ce kuma a waje take wuni take kwana, rana ta fara dusashe mata sheƙi ga kashin tsuntsu ya bar min tabo a bonet na wanke na wanke ya ƙi fita. Wani ya ce in yi seramik wai ko tsakuwa ba za ta taɓa fentin ba, wani kuma ya ce leda zan sa. Ni dai waks kawai na sani. Wanne zan yi?

Mai_Fenti:
Wa alaikumussalam. Malam wanda ya ce maka seramik na tare tsakuwa bai faɗa maka gaskiya ba, kuma maganar nan tana min ciwo don mutane da yawa sun yi da wannan tunanin sun dawo suna da-na-sani. Seramik ruwa ne mai sinadarin silika, in an shafa sai ya kama jikin kiliya, wato shafi marar launi da ke saman fentin mota, ya bushe ya yi tauri, amma kaurinsa bai fi maikiron 1 zuwa 2 ba, silin gashi ɗaya ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Amfaninsa ruwa ya riƙa zamewa, datti kar ya maƙale, wanki ya yi sauƙi, ya rage ɓarnar rana, mai kyau yakan kai shekara 2 zuwa 5 in ana kula da shi. 9H ɗin nan da suke rubutawa a kwalba ma'aunin taurin fensir ne fa.
Tabon bonet kuma kashin ya riga ya ci kiliya, sai an goge da injin folish tukuna, in aka shafa seramik a haka tabon ka adana.

Direban_Hanya:
In kana doguwar tafiya leda ce maganin tsakuwa, wato PPF. Roba ce garai-garai mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, asalinta ma kamfanin 3M ne suka yi wa sojojin Amurka lokacin yaƙin Biyetnam don kare farfelar helikwafta. Ni gaba kawai na sa, bamba da bonet da madubai, kuma ƙananan kwarzane in rana ta buge ta sai su ɓace da kansu. Amma a samu gwani, in ba a iya liƙa ta ba baki-baki zai ɗago ƙura ta shige.

Tsohon_Hannu:
Kar ku raina waks jama'a. Na karnauba daga ganyen wata bishiyar Birazil ake samo shi, kuma a baƙar mota sheƙinsa daban ne wallahi, matsalarsa dai baya jure zafi da sabulu, wata 1 zuwa 2 ya tafi. Akwai silant wanda aka haɗa da sinadarai, shafawa ɗaya ce da waks da hannunka ma za ka yi, shi yana kai wata 6.

BaƙarMota:
Na gode ƙwarai. Oga Mai_Fenti za a iya haɗa leda da seramik?

Mai_Fenti:
Sosai ma, leda a fara sawa sannan seramik a kanta da sauran jikin motar, in ka fara da seramik ledar ba za ta kama da kyau ba. Bayan an gama kar ruwa ya taɓa ta na awa 24, kar a wanke sai bayan sati ɗaya, kuma kashin tsuntsu ka riƙa cire shi da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi tun bai bushe ba.