Waɗanda suka taɓa zama da masu zuba jari, ya kuka ƙare da su?

Daga Nima: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu uku ne muka haɗa manhajar da masu shago ke rubuta ciniki da bashi, yanzu wani mai zuba jari ya ce zai ba mu dala amma yana son kashi ɗaya bisa huɗu na kamfanin, kuma sai mun yi rajista a Delaware can Amurka. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mana abin da ya gani.

Daga Aboabo, Kumasi: Ƙanina maganar Delaware ba sabuwa ba ce, kusan duk masu kuɗin waje haka suke so. Abin da ya karya mu shi ne sidi, kuɗinmu na Ghana. Mun karɓi kuɗi a 2021, kwastomominmu na kasuwar Kejetia suna biya da MoMo, wato kuɗin waya, ciniki na ƙaruwa kowane wata wallahi, sai 2022 ta zo sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari a Disamba, ga E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, da aka kawo a Mayu mutane suka koma riƙe kuɗi a hannu, to in ka juya lissafinmu zuwa dala sai ka ga kamar baya muke yi, su kuma dala kawai suke dubawa. Zagaye na biyu na neman jari ba wanda ya saurare mu, dole muka sallami yara biyu masu ƙwazo, har yau abin na damuna. Ka tambaye shi tun yanzu da wane kuɗi zai auna ci gabanku.

Daga Madina Zongo: Ni babana ne ya fara tsayar da ni, ya ce riba ce, wato kuɗin ruwa. Sai da muka je wurin malam ya ji cewa hannun jari ne, in an samu a raba, in an faɗi kowa ya yi asara, sannan ya yarda. Amma yaya ka kai wa lauya takardar, ta farko da aka ba ni bashi ce mai ruwa da za ta koma hannun jari daga baya, na ƙi sa hannu.

Daga Mamobi: Ɗaya bisa huɗu ya yi yawa tun a farko. Mu da kuɗin susu, wato adashe, da na yayana muka fara har muka samu shaguna masu biya. Kun gwada MEST a East Legon kuwa, masu horar da masu kafa kamfanonin fasaha da zuba musu jari?

Daga Nima: Allah ya saka da alheri. Hajiya ta Madina Zongo, wane sashe na takardar ne ya nuna miki ruwan?