Tutar da aka jefa wa Toney: adalci ne ko ɓata wasa?

Sani: Jama'a, ni har yau ban huce ba game da wasan ƙwallon Amurka (gasar NFL) tsakanin Chiefs da Bills na 10 ga Disamba 2023. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Bills na gaba da 20 da 17. Mahomes, kwatabak ɗin Chiefs (wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo), ya jefa wa Kelce, Kelce ya waiwaya ya cilla wa Kadarius Toney, Toney ya ruga har gida ya ci maki, yadi 49. Sai ga tuta mai ruwan ɗorawa a ƙasa, wadda alƙali ke jefawa in ya ga laifi, wai ƙafar Toney ta haura layin da ƙwallo take a kai kafin a ɗaga ta, aka soke makin. Ra'ayina shi ne laifin da bai ƙara wa mutum komai ba, gargaɗi ya kamace shi. Alƙalin ya ɓata wasa.

Malam Habu: Sani, ka sake kallon hoton. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai fili mai tsawon ƙwallon kanta, ba wanda aka yarda ya shiga sai mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Ƙafar Toney tana ciki ƙiri-ƙiri. Shugaban alƙalan ranar, Carl Cheffers, ya bayyana daga baya cewa Toney ya shiga sosai har ya tare wa alƙalin gefe ganin ƙwallon. Kuma an jefa tutar tun farkon motsi, kafin kowa ya san abin da Kelce zai yi.

Sani: Malam, Andy Reid, kocin Chiefs a wasan, da kansa ya ce an saba yi wa koci magana tukuna a irin wannan.

Malam Habu: An saba, gaskiya ne, amma doka ba ta wajabta ba. Ina alƙalancin wasan 'yan makaranta a nan Amurka, a gefen layi nake tsayawa. Yaro zai fito ya tsaya, ya juyo ya nuna ni da hannu, ni kuma in ɗaga masa kai ko in ce ya ɗan ja baya. Daƙiƙa biyu ne. Wanda ya tambaya ina taimakonsa da zuciya ɗaya. Wanda ya kafa ƙafa ya zura wa ƙwallo ido bai saurare ni ba, me zan yi masa? In tsayar da wasa in je in janye shi?

Bilkisu: Malam, da girmamawa, nan ne na rabu da kai. A Disamba 2022 Terry McLaurin na Washington ya nuna alƙalin gefe da hannu, ya gyara tsayuwa, ya ce an ba shi alamar ya yi daidai. Duk da haka aka jefa masa tuta a kan ya tsaya baya da layin da ya kamata ya hau, aka soke makin da Brian Robinson ya ci, Giants suka tafi da 20 da 12. To ga wanda ya tambaya, kuma bai tsira ba. Abin da ke damuna rashin tsayawa a kan magana ɗaya ne.

Yaya Isa: Bilkisu ta taɓo inda yake ciwo. Ku tuna Jawaan Taylor na Chiefs a wasan buɗe kakar 2023 da Lions. Duk daren yana tsayawa baya da layi, yana ɗaga ƙafa kafin a miƙa ƙwallo, masu sharhi suna ta nunawa, alƙalai sun yi shiru sai can ƙarshe. Mako na gaba da Jaguars aka hukunta shi sau biyar. Mutum ɗaya, ɗabi'a ɗaya, hukunci biyu. Ɗan wasa da wanne zai yi aiki?

Sani: Ka ga abin da nake faɗa ke nan, Yaya.

Yaya Isa: A'a ƙanena, ba abu ɗaya muke faɗa ba. Kai kana so a kau da kai, ni ina so a busa kowane lokaci, minti na farko da na ƙarshe. Kuma kai magoyin bayan Chiefs ne, ka san mai tsaron bayanku Dee Ford. Janairu 2019, wasan zuwa Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar), Charvarius Ward na Chiefs ya cafke ƙwallon da Brady, kwatabak ɗin Patriots, ya jefa, wasa ya kusa ƙarewa, sai aka ce Ford ya yi satar gida a tsayuwarsa. Patriots suka ci 37 da 31 a ƙarin lokaci. Mai tsaron baya ba a yi masa uzuri. Don me za a yi wa mai kai hari?

Sani: Ford ya samu kusanci ga kwatabak, wannan riba ce. Toney fa?

Malam Habu: Rabin taku gaba ga mai gudu riba ce, Sani. Kuma ranar da aka bar wa alƙali ya riƙa auna ko laifi ya yi amfani, ranar ce za ku fi zarginsa da son kai. Layi dai ido yana ganinsa.

Bilkisu: To alƙalan su bakwai ne a fili, biyu suna kan layin nan daga gefe da gefe. Ni buƙatata ɗaya ce: in alƙali ya ɗaga wa ɗan wasa kai, maganarsa ta zauna, kar ya dawo ya jefa tuta.

Malam Habu: Wannan na yarda da shi, 'yar'uwa, muddin yaron bai sake matsawa ba bayan na amsa masa. Suna yawan yi, ya tambaya, in ce daidai, sai ya ƙara jan ƙafa gaba yana gyara tsayuwa.

Sani: Zan sake kallon na McLaurin a daren nan in ga ko ya matsa bayan alamar.