Mma za ta New York: kai tsaye ko ta Landan?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, nake rubutu. Ƙanwata da ke unguwar Bronx a New York ta haihu, Mma kuma ta samu biza za ta je ganin jika a watan Yuli. Shekarunta 68, tun da ta sauke farali ba ta sake hawa jirgi ba, kuma zuwa Accra kawai a mota sai ƙafarta ta kumbura har silifa ya ƙi shiga. Na duba tikitin kai tsaye, tsakanin tashi da sauka na ƙirga awa 7, amma mutane na ce min 11 ne. Wanne ne gaskiya? Akwai kuma na Landan mai rangwame. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Wani ɗan'uwa daga Asawase:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki. Agogo ne ya ruɗe ka, tikiti yana rubuta lokacin kowane gari ne. A Yuli New York tana bayanmu da awa 4, lokacin sanyi awa 5. Haɗa 4 da 7 ɗinka, ka ga 11. Nisan kusan kilomita 8,200 ne, yawancinsa bisa tekun Atlantika. Daga Accra zuwa Jidda kusan 4,600 ne, wato saura kaɗan ya ninka tafiyar hajjinta. Dawowa takan ɗan fi sauri saboda iska na tura jirgin ta baya.

Wata Hajiya daga Sawaba:
Ɗana, ka bar na Landan. Accra zuwa Landan kilomita 5,100 ne, daga can zuwa New York wajen 5,500, ga zaman jira, ga dogayen baranda da allunan Turanci, tsohuwa ita kaɗai. Na bi hanyar nan, na san wuyarta. Jirgin kamfanin Delta na zuwa JFK, filin jirgin New York, kai tsaye, a zaunar da ita nan, 'yarta ta tarbe ta can. Tun wurin yankan tikiti ka ce a tanadar mata keken turawa, ba a biyan ko sisi, kuma a ba ta kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa. Kumburin nan kada ka raina shi, ku ga likita kafin tafiya, ka tambaye shi batun safa mai matse ƙafa. Magungunanta su zauna a jakar hannu. Kada kuma ta hau mota daga Kumasi ranar tafiya, ta kwana Accra ta huta.

Wani malami:
Salla ba za ta gagare ta ba. Matafiyiya ce, ta yi ƙasaru, in tsayuwa ta yi wuya ta yi a zaune. Ku dai cire kilishi daga tsaraba, ba a shiga Amurka da shi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji maganarki, kai tsaye zan yanka. Ranar Litinin zan kai ta asibiti in sha Allah. Kilishin ma har ta riga ta ɗaure shi a leda, bari in je in lallashe ta.