Wai da gaske ihun 'yan kallo yana cin wasa a ƙwallon jami'o'in Amurka?

Ɗan_Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa na lafiya. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san ƙwallon Amurka, ba ta ƙafa ba, waccan ta hular kwano da ake rungumar ƙwallo a ruga da gudu. Kwanan nan na soma bin wasannin jami'o'insu na ranar Asabar, na farko yakan fara wajen biyar na yamma agogon Najeriya, manyan kuma sai tsakar dare. Abin da ya ɗaure min kai filayen ne wallahi. Na jami'ar Michigan mutum 107,601 yake ci, ya fi Wembley mai dubu 90, kuma fa ɗalibai ne ke buga wasan. Sannan kullum masu sharhi sai su yi ta cewa filin wane ba a zuwa a fita lafiya, 'yan kallo sun rikita baƙi da sauransu.

To shin gaskiya ne ko zuzutawar 'yan talabijin ce kawai? Ta yaya ihu zai hana ƙato mai kilo 140 ture wanda ke gabansa? Mu nan mun san cin gida, Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a Kano ba a gasar firimiya sai 2015 da Nasarawa United ta zo ta karya, amma a gasarmu in an zo maganar sai ka ji ana kawo alƙalan wasa da wahalar hanya, can ma haka ne? Kuma ina suke samo wannan uban taron duk sati?

Bakatsine_a_Ohio

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Gaskiya ne, ba zuzutawa ba ce, amma sai ka gane yadda wasan yake tafiya kafin ka ga inda ihun yake cizo. A ƙwallon ƙafa in ana ihu ɗan wasa zai iya ci gaba da harkarsa da ido, a wannan kuwa duk wani hari da baki ake fara shi. Kwatabak, wato mai jagorantar harin, shi zai faɗa wa sauran goman dabarar da za a yi, su jeru, ya dubi yadda masu tsaron baya suka tsaya, in bai gamsu ba ya sauya dabarar nan take da murya, sannan ya kira alamar da za a miƙo masa ƙwallo. Duk wannan cikin daƙiƙa 40. To ka ɗauka mutum dubu ɗari suna kururuwa a kanka, wanda ke ƙarshen layi ba ya jin komai, shi kuma doka ta ce in ya motsa kafin a miƙo ƙwallo an ci tararsu yadi 5, in lokacin ya ƙare ba su fara ba nan ma yadi 5. Yunƙuri huɗu ake ba masu hari su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Yadi 5 kamar ba komai ba amma in kana neman yadi 3 a yunƙuri na uku aka mai da kai kana neman 8, ai harin ya mutu sai dai ku buga ƙwallon ku ba su.

Kuma 'yan kallon sun san aikinsu, wannan ne ya fi burge ni. In ƙungiyarsu ce ke da ƙwallo filin sai ya yi tsit, har ka ga kwatabak ɗinsu yana musu alama da hannu su yi shiru, da zarar ƙwallo ta koma hannun baƙi sai wurin ya kece, musamman a yunƙuri na uku. Baƙin dole su koma ƙirga na shiru, kwatabak ya tafa hannu ko ya ɗaga ƙafa, masu tare masa gaba su riƙa satar kallon ƙwallo maimakon su sa ido kan wanda zai afko musu. Da ma ɗan fifikon da suke da shi shi ne sun san lokacin da za a fara, abokin karawa bai sani ba, ihu ya ƙwace wannan. Wannan ƙaton da kake magana ba ƙarfinsa ne ya ragu ba, rabin taku aka riga shi, kuma rabin taku ya isa a kai kwatabak ƙasa.

Misali ka nemi wasan Penn State da Michigan na 2019, daren da kowa ke sa fararen kaya. Michigan ba su ma buga harin farko ba sai da suka nemi a tsai da wasa saboda ba sa jin juna, kuma sau uku kacal ake ba ka wannan damar a kowane rabi. Ko LSU, wato jami'ar jihar Louisiana, da Auburn a 1988, aka tashi 7 da 6, lokacin da LSU suka ci a ƙarshen wasa tsallen mutane sai da na'urar auna girgizar ƙasa da ke cikin jami'ar ta ɗauka.

Abban_Sadiq

Bakatsine ka yi bayani mai kyau, ban musa ko ɗaya ba, amma ni ina ganin ana kai abin inda bai kai ba. Ɗan Gwammaja ƙanena kar ka duba yawan wasan da suke ci a gida ka ce ihu ne. Manyan jami'o'in nan wasa 12 suke yi a kaka, da yawansu 7 a gida, kuma biyu ko uku daga ciki ƙananan makarantu suke biya kuɗi su zo a lallasa su, ba kuma za su taɓa rama ziyarar ba. In ka tara irin wannan shekara goma dole tarihin gidanka ya yi kyau ko da kujeru ne kawai ke kallo.

In kuma ihu ne ke ci, ina ihun yake ranar da Appalachian State ta je filin Michigan ɗin nan da kake faɗa a 2007 ta ci 34 da 32? Su ɗin dai suka koma Texas A&M a 2022 suka ci 17 da 14, bayan an biya su dala miliyan ɗaya da rabi don su zo. Northern Illinois ma ta je ta doke Notre Dame 16 da 14 a 2024 a gidanta. Duk filayen nan akwai dubban 'yan kallo ranar.

Masu ƙiyasin sakamako tun da daɗewa maki 3 suke ba mai gida, wasu yanzu ma sun rage, a wasan da ake iya tashi 35 da 28. Ka ga akwai fifiko amma bai kai cin tacdawun ɗaya ba, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa, mai maki 6. Kuma cikin maki ukun nan ba duka ne na ihu ba, akwai tafiya, akwai kwana a otal, akwai yanayi. Filin Wyoming yana sama da mita 2,000 daga doron teku, wanda ya taso daga bakin ruwa numfashi ma aiki ne. Ƙungiyar Florida ta je arewa a Nuwamba cikin ƙanƙara ai ba sai an yi mata ihu ba. Yanzu kuma tun 2024 da USC, UCLA, Oregon da Washington na gaɓar yamma suka shiga rukunin Big Ten na jami'o'in tsakiya da gabas, yara suna ƙetare ƙasar gaba ɗaya da bambancin awa uku. Maganar alƙalai da ka yi ita ma tana nan, ba wai saye ake ba, ɗan Adam ne, in mutum dubu ɗari suka yi ca a kan abu mai shakku zuciya takan karkata ba tare da ya sani ba.

Bakatsine_a_Ohio

Abban Sadiq ai shekarar korona ta ba mu amsa. A 2020 a gasar ƙwararru ta NFL da aka yi kusan babu 'yan kallo, masu gida sun ci 127 an ci su 128, kunnen doki ɗaya. Tafiyar tana nan, otal yana nan, sanyin yana nan, mutane ne kawai babu, sai fifikon ya ɓace. A Jamus ma da Bundesliga ta dawo ba kowa a fili cin gida ya ragu. Ni a wurina wannan ya nuna kaso mafi tsoka na mutanen ne, ko ta kunnen 'yan wasa ko ta zuciyar alƙali. Sannan da aka faɗaɗa gasar ƙarshe ta fitar da zakaran jami'o'i zuwa ƙungiya 12 a Disambar 2024 aka buga zagayen farko a cikin jami'o'i, Notre Dame, Penn State, Texas da Ohio State duk huɗun sun ci a gida kuma ba da ƙyar ba, Ohio State 42 da 17 ta yi wa Tennessee.

Abban_Sadiq

Na 2020 na yarda hujja ce. Na 2024 kuwa ban karɓa ba, waɗanda aka ba gida ai su ne da ma suka fi matsayi, ko a filin da ba na kowa ba su ake sa ran za su ci.

Yaya_Binta

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren ƙarshe na tambayar zan taɓa tunda ba wanda ya amsa, wato ina ake samo mutanen, don na yi karatu a can kuma na ga abin da idona.

Ƙanena ka cire tunanin cewa ɗalibai ne kaɗai. Yawancin filayen nan a ƙananan garuruwa suke, kuma jihohi irin su Alabama, Nebraska, Iowa, Oklahoma da Mississippi ba su da ƙungiyar NFL ko ɗaya, don haka ƙungiyar jami'ar ita ce ta jihar baki ɗaya, manomi da likita da wanda bai taɓa shiga aji a makarantar ba duk nasu ce. Nebraska tun 1962 suke sayar da tikitin kowane wasan gida kaf, kuma ranar wasa mutanen da ke cikin filin sun fi na kowane gari a jihar in ka cire Omaha da Lincoln. Wasan gida shida ko bakwai ne kawai a shekara, shi ya sa kowanne kamar ranar hawan sallah yake, tun asuba mutane sun kafa rumfuna a wurin ajiye motoci suna gashin nama, kaka da jika, tsofaffin ɗalibai sun tuƙo awa biyar shida, akwai iyalan da kujerunsu na kaka tun zamanin kakanni suke sabunta su duk shekara.

Amma masu ihun gaske ɗaliban ne, su ake ba ɓangare guda da tikiti mai sauƙi kusa da 'yan badujala. A Texas A&M ɗalibai ba sa zama daga farko har ƙarshe, suna kiran kansu ɗan wasa na 12, asalinsa 1922 ne da 'yan wasa suka jijji rauni koci ya kira wani ɗalibi E. King Gill daga cikin 'yan kallo ya sa kaya ya tsaya a gefe ko za a buƙace shi. Har taro suke yi da tsakar dare kafin ranar wasa don gwajin ihu. Mississippi State ƙararrawar shanu suke kaɗawa. Wanda ya fi taɓa min zuciya na Iowa ne, tun 2017 in an gama kashi na farko cikin huɗu na wasan duk filin har da 'yan wasa da baƙi sai su juya su ɗaga wa yara marasa lafiya hannu a asibitin yara da ke leƙen filin, wallahi duk sanda na gani sai na ji ƙwalla.

Abin da ke damuna shi ne suna wasa da wannan abin da hannunsu. Manya kam suna cika, amma in aka haɗa duka jami'o'in babban rukuni matsakaicin 'yan kallo ya haura dubu 46 a 2008, zuwa 2021 ya faɗo ƙasa da dubu 40, ko da yake ya ɗan farfaɗo bayan nan. Kuma adadin da ake sanarwa sau da yawa tikitin da aka raba ne ba mutanen da suka shigo ba. Tikiti ya yi tsada, wurin ajiye mota kuɗi, gidajen talabijin ne ke yanke lokacin wasa wani sa'in saura kwana shida ko sha biyu, mai tahowa daga nesa da yara ya zai tsara tafiyarsa? Ga tsayawar talla da ke kai wasan minti 60 sama da awa uku. Sannan ana ta cire kujerun talakawa ana gina ɗakunan alfarma na masu kuɗi, su kuma waɗannan ba sa ihu. Abban Sadiq ko maki 3 ne ma, ɗaliban nan ne ke kawo shi kuma su ake matsewa.

Ɗan_Gwammaja

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Yaya Binta na gode. Saura abu ɗaya, na ji mai sharhi yana cewa yanzu akwai rediyo a cikin hular kwatabak koci yana masa magana kai tsaye, to wannan bai kashe amfanin ihun ba?

Bakatsine_a_Ohio

Bai kashe ba. A 2024 aka amince da shi a jami'o'i, ɗan wasa ɗaya ne ke da shi a kowane ɓangare, za ka ga ɗigon kore a bayan hularsa, kuma ana katse layin in agogon hari ya rage daƙiƙa 15 ko in an miƙo ƙwallo. Koci zai iya faɗa masa dabara, amma sauran goman ba su da rediyo, dole shi ya isar musu da bakinsa, kuma daƙiƙa 15 ɗin ƙarshe nan ne ihun ya fi tsanani. Har za ka ga kwatabak ya toshe ramukan kunnen hular da tafukansa biyu don ya ji kocin ma.

Girman fili kuma ba shi ne komai ba, na Oregon mutum dubu 54 yake ci amma ana sa shi cikin mafiya ƙara saboda kujerun a tsaye suke kuma dab da fili, na Michigan kuwa shimfiɗaɗɗe ne ƙarar takan tsere sama. Asabar mai zuwa in akwai wasan dare a LSU ko Tennessee ko Penn State ka ɗan daure da barci, ka bar bin ƙwallon da ido, ka kalli mutum biyun da ke ƙarshen layin baƙi a yunƙuri na uku, ka ƙirga sau nawa alƙali ya jefa tutar nuna laifi kafin a fara da kuma sau nawa suka nemi a tsai da wasa ba shiri, sai ka dawo nan ka ba mu labari.